Tambaya da Amsa: Idan Rumbun Bayanai Ya Ƙi Karɓar Aiki Saboda Mabuɗin Alaƙa

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun faɗa a kan abu guda, ko da yake masu su ba su san juna ba kuma sana'o'insu sun sha bamban. Abin kuwa shi ne ƙa'idar nan ta rumbun bayanai wadda waɗanda suka yi karatu da Faransanci suke kira clé étrangère, na Ingilishi kuma suke cewa foreign key. A nan zan riƙa kiran ta mabuɗin alaƙa. Rumbun bayanai yana ajiye bayanai ne a tebura masu layuka da gurabe, kuma layin wani tebur yakan nuna layin wani teburin. Teburin da ake nunawa zan kira shi uwa, wanda yake yin nunin kuma zan kira shi ɗa. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma a wajen Tibiri. Kowace damina muna ba mambobinmu irin gero da na wake da takin zamani bashi, su biya da kaka. Shekara da shekaru muna rubuta lissafin a Excel, sai bana ɗan wana ya gina mana rumbu da manhajar MySQL. Sunayen mambobi sun shiga lafiya, amma da muka zo zuba lissafin bashi sai na'ura ta tsaya, ta fito da kuskure mai lamba 1452. Wani abokinsa ya ce mu rubuta SET FOREIGN_KEY_CHECKS=0, komai zai wuce. Shin in yarda? Kaka ta matso, kuma mutane sun kusa fara kawo biya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam magatakarda, Allah ya kai mu kakar lafiya. Kada ka yarda. Umarnin da aka ba ku zai sa layukan su shiga, babu shakka, amma zai shigar da su ne tare da ɓarnar da na'urar ta hango ta tsaya dominta, kuma ɓarnar nan a lissafin bashin mutane take.

Bari in fara da abin da ɗan wanka ya gina, domin ka fahimci abin da na'urar take faɗa maka. A teburin mambobi kowane mutum yana da lamba guda wadda babu mai irinta, kamar lambar da ke jikin katinsa. A teburin bashi ba a sake rubuta sunan mutum da ƙauyensa, lambarsa kawai ake sawa, ita kuma ta nuna inda za a same shi. Wannan tsari na ajiye kowane bayani a wuri ɗaya ana nuna shi da lamba ya samo asali ne daga aikin Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, wanda ya wallafa shi a 1970. Mabuɗin alaƙa shi ne alkawarin da rumbun ya ɗauka cewa ba zai taɓa riƙe layin bashi mai ɗauke da lambar da babu mai ita a teburin mambobi ba. Saboda haka ma'anar 1452 guda ce: cikin layukan da kake zubawa akwai wanda yake nuna mutumin da rumbun bai sani ba. Na'urar ba ta lalace ba, kuma yaron bai yi kuskure da ya sa ƙa'idar ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na farko shi ne ku karanta saƙon har ƙarshensa, domin yawancin mutane da sun ga jan rubutu sai su rufe shi. A ƙarshen saƙon MySQL yana rubuta sunan teburin ɗa, da sunan ƙa'idar, da gurbin da ya jawo rigimar, da teburin uwar da yake nunawa. Wannan yana da muhimmanci a wajenku, domin ina kyautata zaton teburin bashinku yana nuna wuri fiye da ɗaya: yana nuna mamba, yana iya nuna ƙauye, yana kuma iya nuna wanda ya tsaya wa mai bashin. Sai ka san wanne daga ciki ne ya ƙi kafin ka san inda za ka duba. Abin da saƙon MySQL ba ya nunawa shi ne ainihin lambar da ta ɓata. Masu amfani da wata manhajar rumbu mai suna PostgreSQL sun fi samun sauƙi a nan, domin kuskurensu mai lamba 23503 yana zuwa da ƙarin layi da yake faɗin lambar ƙarara.

Hanyar da nake bi, wadda kuma nake so ku bi, ita ce kada a zuba kayan Excel kai tsaye cikin teburin gaske. A ƙirƙiri teburin wucin gadi mai gurabe iri ɗaya da na bashi amma babu ƙa'ida ko ɗaya a kansa, a zuba komai a ciki, sannan a tambayi rumbun ya ware marayu, wato layukan da ba su da uwa:

SELECT b.* FROM bashi_wucin_gadi b
LEFT JOIN mambobi m ON m.lamba = b.lambar_mamba
WHERE b.lambar_mamba IS NOT NULL AND m.lamba IS NULL;

Abin da ya fito shi ne jerin aikinka. Ka buga shi a takarda, ka ɗauko tsohon littafin ƙungiya, ka zauna da shi.

Zan gaya maka abin da nake tsammanin za ka tarar, domin na sha ganin irinsa a wannan yanki namu. Idan lambobin katinku suna farawa da sifili, kamar 0047, kuma yaron ya ajiye su a matsayin rubutu, to Excel yana da halin ɗaukar irin wannan a matsayin adadi ya zubar da sifilin farko, sai 0047 ta koma 47. A idonka mutum ɗaya ne, amma a wajen rumbun 47 wani baƙo ne da bai taɓa yin rajista ba. Sai gidajen da aka bari fayau. Mamban da bai kawo mai tsaya masa ba, gidan nan nasa babu komai a Excel, amma wajen zubawa sau da yawa yakan shiga a matsayin sifili ko rubutu marar harafi, alhali abin da rumbun ya yarda da shi a matsayin "babu kowa" shi ne NULL kaɗai. Sifili lamba ce kamar kowace lamba, kuma rumbun zai tafi neman mamba mai lamba sifili ya rasa. Ana gyara wannan da NULLIF, umarnin da yake iya mai da sifili ko rubutu marar harafi NULL, wajen kwashewa, muddin an bar gurbin ya karɓi NULL tun farko. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: tazarar da yatsa ya ƙara a ƙarshen lamba, ko alamar ƙarshen layi da fayil ɗin CSV na Windows yake barin ta manne da gurbi na ƙarshe. Idan lamba ta yi daidai a ido amma rumbun ya ƙi ta, ku auna tsawonta da CHAR_LENGTH, ko ku duba ta da HEX, nan take abin zai fito fili.

Wanda ya fi damuna shi ne sunayen garuruwa, kuma wannan matsala tamu ce ta musamman, domin garuruwa da yawa a jihar nan ta Maradi suna da rubutu biyu ko fiye. Wanda ya riƙe littafi bara ya rubuta Guidan Roumdji kamar yadda yake a takardun hukuma, na bana ya rubuta Gidan Rumji kamar yadda muke faɗa. Haka Tessaoua da Tasawa, haka Madarounfa da Madarunfa, haka Dan Issa da Ɗan Isa, inda ko harafin farko ma ya bambanta, domin D da Ɗ haruffa biyu ne a wajen na'ura kamar yadda suke a bakinmu. Idan yaron ya mai da sunan ƙauye shi ne mabuɗi, to ba za ku rabu da 1452 ba har abada. Shawarata ita ce kowane ƙauye a ba shi lamba, sunan ya zauna a gurbinsa daban, kuma idan ana so a buɗe gurbi biyu, ɗaya na rubutun hukuma ɗaya na Hausa, mai shigar da bayani kuma ya zaɓa daga jeri maimakon ya rubuta da hannu.

Bayan an gama da duk waɗannan, za a iya samun layuka kaɗan da suka rage waɗanda lambarsu daidai take a rubuce amma babu mai ita. Waɗannan ba aikin mai kwamfuta ba ne, aikinka ne da shugaban ƙungiya da ma'aji. Wataƙila mutumin ya karɓi taki kafin a kammala rajistarsa, wataƙila ya rasu aka cire sunansa daga jerin mambobi bashin kuma yana kan magada, wataƙila an juya lamba aka rubuta 0174 a wurin 0147. Kowanne yana da hukuncinsa, kuma na'ura ba za ta yanke muku shi ba. Idan kun warware, sai a fara shigar da mambobin da suka ɓace, domin uwa ce take riga ɗa shiga, sannan a kwashe bashin daga teburin wucin gadi zuwa na gaske da INSERT da SELECT a cikin START TRANSACTION, yadda idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ba za a tashi da rabin lissafi ba.

Yanzu in dawo kan shawarar abokin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan an kashe binciken aka zuba layuka sannan aka sake kunna shi, MySQL ba ya komawa ya duba abin da ya shiga a tsakani. Marayun suna zaune a ciki shiru. Ranar da za a fitar da rahoton abin da kowane mamba ya ci, rahoton zai haɗa teburin bashi da na mambobi, duk layin da bai sami uwa ba kuma zai faɗi ba tare da wani gargaɗi ba. Na ga wannan da idona. An taɓa kirana wani ofishi a nan cikin Maradi, cikin zafin watan Afrilu, na tarar da ma'ajin wata ƙungiya, dattijo mai furfura, zaune a bakin benci da tsohon littafinsa da aka ɗaure da igiyar roba a kan cinyarsa, ya cire hula yana share gumi, saboda jimillar da na'ura take fitarwa ta gaza abin da ya ce ya rarraba da fiye da jika ɗari, kuma an fara yi masa wani irin kallo. Da muka ware marayu sai ga bashin nan duka, kowanne da ranarsa, sifilin farko ne kawai ya zube daga lambobin, wani kuma ya kashe bincike ya tura su a haka. Dattijon ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen masu su daga ka. Makonni ya yi yana ɗauke da zargin da ba nasa ba. Addininmu ya umarce mu da rubuta bashi domin kada a zalunci mai bayarwa ko mai karɓa, kuma layin da ba ya nuna kowa bai cika wannan manufa ba.

Umarnin yana da wurinsa na halal, kada in rage masa haƙƙi. Idan ana mayar da cikakken kwafin rumbu wanda aka san lafiyarsa lau, ana kashe binciken domin tebura su shiga ba tare da damuwa da wanda ya riga wani ba, kuma fayil ɗin da mysqldump, kayan ɗaukar kwafin rumbu na MySQL, yake fitarwa da kansa yake yin haka. Kayan da aka kwaso daga Excel na shekaru, hannu daban-daban sun taɓa shi, ba ya cikin wannan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da kantin magani a unguwar Mokoyo. Akwai magungunan da na daina kawowa, ina so in goge su daga jeri domin suna cika wa yaran kanti ido, amma kullum sai in ga kuskure 1451. Wanda ya saka mini manhajar ya ce zai iya sa abin da ake kira CASCADE komai ya riƙa goguwa. Akwai kuma magani guda da aka shigar sau biyu, ɗaya da rubutun Faransanci ɗaya da na Ingilishi.

Amsa: Barka kadai, Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Kuskurenki ɗan'uwan na magatakarda ne, sai dai ta ɗaya ɓangaren ya zo. Shi yana so ya shigar da ɗa babu uwa, ke kuma kina so ki cire uwa alhali ƴaƴanta suna nan. Kowane ciniki da aka taɓa yi na wannan magani layi ne da yake nuna lambarsa, haka ma kowane kaya da kika saro. Idan maganin ya fita daga jeri, waɗannan layuka za su zama suna nuna wurin da babu komai, shi ya sa rumbun ya hana. Masu Oracle suna ganin wannan da lamba ORA-02292, masu SQL Server kuma da 547.

Game da CASCADE, ina roƙon ki da ki dakata. Ma'anar ON DELETE CASCADE ita ce duk ranar da aka goge uwa, rumbun ya bi ƴaƴanta duka ya goge ba tare da ya tambayi kowa ba. A kantinki wannan yana nufin idan yaron kanti ya danna gogewa a kan magani guda, cinikinsa na shekara uku zai tafi tare da shi, jimillar watannin da suka wuce za ta sauya, kuma ranar da aka zo duba littattafanki, ko aka yi shelar janye wani magani kina neman sanin nawa kika sayar da kuma yaushe, ba za ki sami komai ba. Akwai kuma SET NULL, wanda yake barin layin ciniki ya share lambar maganin daga jikinsa. Wannan ya fi sauƙin ɓarna, amma zai bar ki da kuɗin da aka karɓa ba a san na mene ne ba. Inda CASCADE ya dace shi ne inda ɗan ba shi da wata ma'ana idan babu uwar, kamar rasit da layukan da ke cikinsa: idan aka soke rasit ɗin da aka buɗe bisa kuskure, daidai ne layukansa su bi shi.

Abin da kike bukata ba gogewa ba ne, ɓoyewa ne. Ki sa mai manhajar ya ƙara gurbi guda a teburin magunguna, a kira shi ana_sayarwa, mai ɗaukar 1 ko 0, allon yaran kanti kuma ya riƙa nuna masu 1 kaɗai. Jeri zai ragu kamar yadda kike so, tarihi ya zauna cif, kuma idan wata rana kika dawo da maganin sai a mai da shi 1.

Maganin da aka shigar sau biyu shi ne kaɗai ya cancanci a goge, kuma akwai tsarin yin sa. A zaɓi lambar da za ta rayu, a bi duk layukan da suke nuna ɗayar a sauya su da UPDATE su koma nuna wadda aka zaɓa, a haɗa adadin da ya rage a kanti, sai a goge wadda ta zama fanko, rumbun kuma ba zai hana ba tunda babu mai nuna ta. Saƙon kuskure tebur ɗaya yake ambata a lokaci guda, saboda haka domin kada a yi ta karo da su ɗaya bayan ɗaya, mai manhajar ya duba information_schema.KEY_COLUMN_USAGE, ya nemi duk inda REFERENCED_TABLE_NAME ya zama teburin magunguna, zai ga dukkan teburan da suke rataye da shi. Kafin a taɓa komai a ɗauki kwafin rumbun a ajiye shi a wajen kwamfutar kanti, kuma a yi aikin da dare bayan an rufe, ba lokacin da masu saye suke tsaye a bakin kanta ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina aikin kammala karatu a kan rajistar ɗalibai da Laravel da XAMPP, kayan aikin gina manhajar yanar gizo. Ni ban ma kai ga zuba bayani ba. Teburin sakamako ne ya ƙi ƙirƙiruwa, yana ba ni kuskure 1005 tare da errno 150. Na duba sunaye sau goma, duk daidai suke.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗana. Matsalarka daban take da biyun da suka gabata, domin a wajenka babu layin da ya saɓa alkawari, alkawarin ne kansa rumbun ya ce ba zai ƙullu ba. XAMPP yana zuwa ne da MariaDB, ƴar'uwar MySQL, wadda take ba da wannan saƙo a dunƙule. MySQL yakan ce 1215, sigarsa ta 8.0 kuma ta ƙara rarrabewa: 3780 idan nau'in guraben bai dace ba, 1822 idan gurbin uwa ba shi da fihirisa, wato index.

Tunda ka ce Laravel, kusan na tabbata ga abin da ya faru. Idan ka rubuta id() a teburin ɗalibai, Laravel yana ƙirƙirar gurbi mai nau'in BIGINT UNSIGNED. Idan kuma a teburin sakamako ka rubuta integer, za ka sami INT mai karɓar adadin ƙasa da sifili. Dukansu lambobi ne a idonka, amma rumbun yana bukatar girmansu ya zama ɗaya, kuma ko dai dukansu UNSIGNED ne ko babu ko ɗaya. Ka yi amfani da foreignId ko unsignedBigInteger, ka sake gwadawa. Domin ka gani da idonka maimakon ka dogara da zatona, ka rubuta SHOW CREATE TABLE a kan teburin uwa, ka ajiye abin da ya fito kusa da abin da kake ƙoƙarin ƙirƙira, ka gwada guraben biyu kalma da kalma.

Idan ba wannan ba ne, ka duba jerin fayilolin ƙaura, wato migrations, waɗanda suke ƙirƙirar tebura, domin Laravel yana bin kwanan watan da ke farkon sunan kowanne, kuma idan na sakamako ya riga na ɗalibai, zai nuna teburin da ba a haifa ba tukuna. Ka tabbata gurbin da kake nunawa babban mabuɗi ne, wato primary key, ko yana da UNIQUE. Ka tabbata ba ka ce ON DELETE SET NULL a kan gurbin da ka hana shi NULL ba, domin maganganun biyu suna karo da juna. Ka kuma tabbata teburan biyu suna kan injin ajiya na InnoDB. Idan duk ka duba ka rasa, umarnin SHOW ENGINE INNODB STATUS yana da sashe mai suna LATEST FOREIGN KEY ERROR wanda yake faɗin dalilin da ɗan gajeren saƙon ya ɓoye, kuma na yi mamakin yadda ɗalibai kaɗan ne suka san da shi.

Ƙarin abu guda, tunda sunayen mutanenmu za ka ajiye. Idan mabuɗin rubutu ne, kamar lambar rajista mai haruffa, dole tsarin haruffa da tsarin jerantawa na guraben biyu su zama iri ɗaya, ko da tsawonsu ya bambanta. Ka sa rumbunka duka a kan utf8mb4 tun daga tushe. Tsohon tsarin latin1 yana ɗaukar haruffan Faransanci irin su é da è, shi ya sa mutane suke zaton ya wadatar, amma ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kuma ɗalibin da sunansa yake da ɗaya daga cikinsu zai ga alamar tambaya a tsakiyar sunansa ko rumbun ya ƙi karɓar sunan gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, na karanta inda ka taɓa cewa rumbu yana hana shigar da lambar da babu mai ita. Ni na yi wa iyayenmu mata na unguwar Zariya ƴar manhajar adashe a wayar Android da ƙaramin rumbun SQLite, na rubuta ƙa'idojin alaƙa duka, kuma wata shida ke nan ban taɓa ganin kuskure ko ɗaya ba. Ina ganin aikina ya yi kyau ke nan?

Amsa: Allah ya yi maka albarka da wannan hidima, ɗan'uwa, amma shirun nan ne ya sa na ajiye wasiƙarka a gefe na sake karanta ta. SQLite ta fara aiki da mabuɗin alaƙa ne a siga ta 3.6.19, a shekarar 2009, kuma domin kada tsofaffin manhajoji su lalace, aka bar binciken a kashe sai wanda ya kunna. Za ta karɓi ƙa'idar da ka rubuta ta ajiye, amma ba za ta tilasta ta ba sai an ba ta umarnin PRAGMA foreign_keys = ON, kuma ba sau ɗaya ake ba da shi ba, duk lokacin da manhajar ta buɗe rumbun sai an maimaita. Idan aka ba da shi a tsakiyar ma'amalar da aka riga aka buɗe da BEGIN, ba ya yin komai. A Android, idan SQLiteOpenHelper kake amfani da shi, wurin kunnawa shi ne cikin onConfigure, da setForeignKeyConstraintsEnabled. Masu MySQL ma suna da irin wannan tarko: tebur mai injin MyISAM yana karɓar rubutun ƙa'idar ya yi watsi da shi, kuma sai daga siga ta 5.5 InnoDB ya zama injin da ake samu kai tsaye.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗauki kwafin rumbun, ka shigar da zubi da lambar matar da ba ta cikin adashen. Idan ya shiga, to wata shida ke nan ƙofa a buɗe take. Daga nan ka rubuta PRAGMA foreign_key_check, wanda zai jero maka kowane maraya da sunan teburinsa da lambar layinsa da uwar da ya rasa. Wannan umarni zai yi maka amfani har bayan ka kunna binciken, domin saƙon kuskuren SQLite gajere ne ƙwarai, ba ya faɗin tebur ko gurbin da ya jawo shi.

Abin da ya fito kada ka goge shi, kada kuma ka manna shi ga wadda kake zato. Kowane layi kuɗin wata ne da ta ƙulle a bakin zane ta kawo. Ka rubuta ranar da adadin kowanne, ka kai wa uwar adashe ta gwada da littafinta kafin ranar kwasa ta gaba, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya bisa abin da ta tabbatar, sannan ka kunna binciken ka saka sabuwar manhajar a wayarta.